Garin fara a kunun yaro: zai iya tsayawa a madadin nama?

"Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan wata 14, har yanzu yana shan nono. Da muka je awo an ce jininsa ya ɗan yi ƙasa, a riƙa ba shi nama da ƙwai da kifi. To nama yanzu sai wane da wane. Mu kuwa a nan wajen Gashuwa fara ba ta yanke mana daga kaka har cikin hunturu. Ƙanin maigidana ya ce ya gani a waya wai fara ta ninka nama sau uku wajen gina jiki. Uwar mijina kuma ta ce kada in kuskura in ba yaro, tana sa ƙaiƙayi da ciwon ciki. Maganar wa zan ɗauka? In kuma ana ba yara, yaya ake yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya raya mana shi, Ya ƙara masa lafiya. In na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ko fara tana da amfanin da ake yi mata kirari da shi, da kuma ko yaron da bai cika shekara ɗaya da rabi ba zai iya cinta ba tare da ta cuce shi ba. Ƙanin maigidanki da Inna kowa ya kama wani gefe na gaskiya. Fara abinci ce mai daraja, sahunta ɗaya da nama da kifi, kuma za ki iya sa ta cikin abincin yaronki. Amma "sau uku" ɗin nan akwai dabarar lissafi a ciki, ƙaiƙayin da Inna ta faɗa kuma ba camfi ba ne.

Ni aikina kula da abincin yara ne a sashen masu tamowa, kuma na daɗe ina faɗa wa iyaye mata cewa cin fara ba abin kunya ba ne. A 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani babban rahoto inda ta ce mutane aƙalla biliyan 2 ne ƙwari ke cikin abincinsu na gado, kuma irin ƙwarin da ake ci sun haura 1,900. A Yuganda suna da tasu farar da ake rububi in lokacinta ya zo, a Bobo-Diyulaso ta Burkina Faso tsutsar kaɗanya ce abin marmari da damina, a Meziko ana soya fara da barkono da lemon tsami kusan yadda ake yi a Maiduguri da Maraɗi. Tarayyar Turai ma a 2021 ta ba da izinin sayar da wani nau'in fara a matsayin abincin mutane. Abin da kakanninmu suke aunawa da mudu, yau can ana zuba shi a leda mai tambari.

Ta fuskar addini kuwa kin san hadisin da ya halatta mana mushe biyu, kifi da fara, da ruwayar Abdullahi bin Abi Aufa cewa sun yi yaƙi bakwai tare da Annabi (SAW) suna cin fara. Sauran ƙwari irin su gyare da shinge akwai saɓani tsakanin mazhabobi, wannan fagen malamai ne, a tambaye su.

Inda "sau uku" ya samo asali

Idan aka ɗauki busasshiyar fara aka auna, a kowane giram 100 ana samun furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da jini, kusan giram 60. Ɗanyen naman shanu kuwa giram 100 nasa yana da furotin wajen giram 20. Sittin da ashirin, ga sau uku nan ya fito. Sai dai an gwada busasshe ne da ɗanye. Ɗanyen nama kusan kashi biyu cikin uku nasa ruwa ne, ko ma fiye. Ki shanya naman nan ya koma kilishi, ki sake aunawa, za ki tarar shi ma furotin ɗinsa ya haura rabin nauyinsa. Haka busasshen kifi. Ita ma fara in ɗanya ce, yadda aka kamo ta, furotin ɗinta tsakanin giram 13 ne zuwa 28 a cikin 100, gwargwadon irinta da abin da ta ci. To kin ga kusan kunnen doki suke yi da nama.

Akwai wani ragin kuma da masu bidiyon waya ba sa faɗa. A ɗakin gwaji ba furotin ake aunawa kai tsaye ba. Wani sinadari da ke cikin furotin mai suna naitirojin ake aunawa, sai a ninka shi da 6.25 a ce ga furotin. Shi kuwa ɓawon jikin ƙwaro, wannan mai ƙaras-ƙaras a baki, an yi shi ne da wani abu mai suna kaitin, wanda shi ma yana ɗauke da naitirojin alhali ba furotin ba ne, kuma cikinmu ba ya narkar da shi sosai. Sai lissafi ya kumbura. Masu bincike a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun nuna a 2017 cewa ga wasu tsutsotsi uku da suka gwada, da 4.76 ya kamata a ninka, ba 6.25 ba. Saboda haka ni in na ga an rubuta 60, a raina nakan ɗauke shi a matsayin 50 ko ƙasa kaɗan. Hamsin ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi burge ni da fara ma ba yawan furotin ɗin ba ne, irinsa ne. Gero da dawa da masara, waɗanda su ne kunun yaranmu da tuwonsu, suna da furotin, amma akwai wani ɓangare nasa da ake kira laisin wanda ya yi musu ƙaranci ƙwarai. Kamar mai gini ne da ya tara bulo tuli amma siminti buhu ɗaya: ginin zai tsaya ne inda siminti ya ƙare. Fara tana da laisin wadatacce, kamar wake da nama da kifi. Shi ya sa ɗan kaɗan nata a cikin kunun gero yake sa jiki ya fi morar furotin ɗin geron kansa.

Bari mu auna da cokali, tunda ba da sikeli ake dafa abinci a gida ba. Na sha ɗora garin fara a kan ɗan sikelin da muke da shi a wurin aiki: cokalin cin abinci ɗaya mai tozo yakan kama giram 8 zuwa 10. Wannan zai ba da furotin kamar giram 4 zuwa 5. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. Yaro mai shekara 1 zuwa 3 yana bukatar kusan giram 13 a yini. Ke nan cokali ɗaya ya ɗauke masa kusan kashi ɗaya cikin uku, ga nono, ga sauran abinci. Wannan lissafin shi ne ya sa nake ba iyaye shawarar fara.

Maganar jini

A nan ne zan ɗan taka miki burki, domin abin da aka ce miki a asibiti batun jini ne, ba batun tsoka ba. Kuma ba ke kaɗai ba ce: binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini.

Fara tana da sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki ke haɗa jini. A busasshiyar fara giram 100 ana samun miligiram 8 zuwa 20, alhali busasshen naman shanu yana da wajen 6. A takarda ta yi wa nama fintinkau. Amma cokalinmu na ɗazu zai ba da miligiram 1 ne zuwa 2, yaron kuwa yana bukatar 7 a yini. Sannan abin da ya shiga baki daban, abin da hanji ya tsotsa daban. Ƙarfen da ke cikin nama da hanta, wani kaso nasa irin na jini ne, jiki yana karɓarsa cikin sauƙi. Na ƙwari galibinsa ba irin wannan ba ne, ya fi kama da na wake da ganye, wanda dusar hatsi da shayi ke riƙe shi su hana shi shiga jiki. A wani gwaji da aka buga a 2022, an ba mata masu ƙarancin ƙarfe kunun masara da garin gyare, aka bi diddigin ƙarfen har cikin jininsu. Abin da jiki ya tsotsa ɗan kaɗan ne, ƙasa sosai da na ƙarfen magani da aka zuba a irin wannan kunun.

A ɗaya gefen kuma, akwai gwajin da aka yi a karkarar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, aka buga a 2015. An riƙa ba jarirai kunu mai garin tsutsar itace kullum, daga wata 6 har wata 18. A ƙarshe waɗanda suka sha sun fi rukunin da ba a ba su ba yawan jini, masu ƙarancin jini a cikinsu ba su kai na ɗaya rukunin ba. Amma tsawonsu bai bambanta ba, tsumburewa tana nan yadda take a duka ɓangarorin. Ni abin da na ɗauka daga waɗannan biyun shi ne: ƙwari suna taimaka wa jini in an daɗe ana ci, amma ba magani ba ne, kuma ba su kaɗai za su tsamo yaro daga tamowa ba.

Saboda haka in an rubuta masa maganin ƙarin jini, ki ba shi har ya ƙare. Ki tabbata an duba shi zazzaɓin cizon sauro, an ba shi maganin tsutsar ciki, domin a wurinmu waɗannan biyun suna shanye jinin yaro fiye da yadda kowane abinci zai mayar. In ba a taɓa gwada masa sikila ba, ki nemi a gwada. In kina da kuɗin nama sau ɗaya a mako, ki sayi hanta maimakon tsoka: yanki kamar yatsunki biyu ya fi tarin fara amfani ga jini, ga kuma bitamin A wanda fara ba ta da shi sosai. Ranar da kika sa fara a abinci, ki haɗa masa da abu mai tsami irin lemo, ko tumatir, ko garin 'ya'yan kuka, saboda bitamin C yana buɗe wa ƙarfe hanya. Shayi kuwa ki nisanta shi da lokacin cin abincinsa.

Ban da ƙarfe, fara tana da zinki, wanda ke taimaka wa girma da saurin warkewa daga gudawa, da wasu bitamin na rukunin B. Kalsiyam ne ba ta da shi da yawa, tunda ba ta da ƙashi. Wannan sai nono da ƙananan kifi da ake daka su har da ƙayarsu.

Abin da Inna ta gani

Ƙaiƙayin gaskiya ne. Fara da jatan lande da kaguwa dangin juna ne na nesa, kuma akwai wani furotin a tsokarsu da jikin wasu mutane ke ɗauka a matsayin abokin gaba. Mai irin wannan jiki in ya ci sai borin jini ya taso masa, leɓe ya kumbura, wani har numfashi ya sarƙe. Dafuwa ba ta kashe wannan, suya ma haka. Duk wanda jatan lande ke yi wa haka, ya bar fara. Yaron da ke da asma ko yawan ƙurajen fata shi ma a yi taka-tsantsan da shi. Inna wataƙila ta taɓa ganin irin wannan da idonta, shi ya sa ta kafe. Ki tambaye ta a hankali ko a dangi akwai wanda fara ba ta karɓe shi ba, amsarta za ta yi miki amfani.

Ciwon cikin shi ma yana da tushe. Ki ɗauki ƙafar bayan fara ki shafa ta da yatsa daga ƙasa zuwa sama, za ki ji ƙayoyi a jere kamar zarto. Waɗannan da fukafukai ba sa narkewa. Babba ma in ya ci da yawa da ƙafafun sukan cushe masa ciki, balle yaro. An taɓa kawo mana wata yarinya 'yar shekara uku, ciki ya kumbura, kwana biyu ba ta yi bayan gida ba, tana ta kuka. Da muka bi ba'asi, ashe yayyenta ne suka sayo ƙullin fara a bakin makaranta suka yi ta ɗura mata, da ƙafa da komai. Allah Ya taimaka abin ya warware ba tare da an kai ga tiyata ba, amma uwar ta ga tashin hankali. Ga yaro kamar naki kuma akwai haɗarin shaƙewa. Don haka kada ki ba shi fara guda-guda ko da an cire ƙafa. Gari kawai.

Wanda ya fi damuna a cikin duka shi ne wanda ba a gani: maganin feshi. Fara abokiyar gabar manomi ce, kuma inda ta yi yawa nan ake fesa mata guba. Farar da aka fesa takan yi laushi ta zube, ita ce mafi sauƙin tsincewa. Bayan farin da suka mamaye Kuwait a 1988 zuwa 1989, an gwada waɗanda mutane suka kama don ci aka tarar da ragowar maganin feshi mai yawa a jikinsu. Ba wanki ko tafasa da zai ba ki tabbacin ya fita. Akwai kuma 'yan kasuwar da ke zuba fiya-fiya a busasshen kaya don kada ƙwari su ci, irin halin da ya sa Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ke da kike kusa da inda ake kamawa kin fi mutumin Kano ko Kaduna sa'a. Ki saya wurin wadda kika sani, wadda za ta iya gaya miki daga wane daji aka kamo, masu fita da tocila da asuba lokacin da sanyi ya kama farin ba sa iya tashi. Shekarar da kika ji ana feshi a yankinku, ki haƙura da ita. In kin buɗe buhu kika ji wani wari kamar na kananzir ko na maganin sauro, ko kika ga fumfuna, mayar da shi.

Kuma ba kowace fara ba. Farar tumfafiya, mai ado da launi, tun muna yara aka hana mu ita, kuma da dalili: dafin tumfafiyar da take ci yana taruwa a jikinta. A kudu maso yammacin Najeriya ma an yi shekaru ana fama da wata rawar jiki da tangaɗi da ke kama mutane da damina, daga baya aka gano wata tsutsar itace ce da suke ci take lalata bitamin B1 a jikinsu. Irin da mutanen garinku suka saba ci tun kaka da kakanni, a nan za ki tsaya.

Yadda nake koya wa iyaye su haɗa

Kada ki yi amfani da soyayyar bakin hanya. Ita don manya aka yi ta: gishiri, magi, yaji, da man da aka yi ta maimaita suya da shi, ga ƙurar titi. Ki nemi dafaffiya busasshiya wadda ba a soya ba. Ki zauna da faranti ki cire fukafukai da ƙafafu, ki fizge kan, yawanci yakan fito da hanjin. Ki wanke, ki sake tafasa ta kamar minti 10 a ruwa ba gishiri, wannan zai rage gishirin farko ya kuma kashe ƙwayoyin cutar da ta kwasa wurin shanya a ƙasa. Ki tsane ta, ki shanya a tire an rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda, har ta bushe ƙayau. Sai ki zuba a kasko ba mai, wuta kaɗan, kina juyawa har ƙamshi ya tashi ta yi ja-ja. In ta huce ki daka a turmi mai tsabta, ki tankaɗe da rariya mai laushi, irin ta garin tuwo. Abin da ya ƙi wucewa ɓawo ne, ki zuba wa kaji. Garin ki sa a kwalba busasshiya mai murfi. Kada ki yi da yawa, na mako biyu ya isa, domin akwai maiƙo a cikinsa kuma yakan yi warin tsohon mai in ya daɗe, musamman da zafi.

Ranar farko ki ba shi ɗan kaɗan, kamar kan ƙaramin cokali, da safe, a ranar da yake lafiya kuma ba ki gabatar masa da wani sabon abinci ba. Ki sa masa ido har yamma. In kin ga ƙuraje sun feso, ko fuska ta kumbura, ko amai, ki daina. In numfashi ya canja ko ya yi laƙwas, asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. In kwana uku sun wuce lafiya, ki ƙara zuwa ƙaramin cokali, a hankali har babban cokali ɗaya a yini, sau uku ko huɗu a mako.

A kunu wasu yaran suna karɓa, wasu suna tofarwa saboda ƙarni. Na lura ya fi shiga a abinci mai miya: faten wake, faten tsaki, miyar kuka, dambu mai laushi, ko dankalin Hausa da aka murƙushe da ɗan manja. Ki zuba shi tun abincin yana kan wuta ya ɗan dahu tare, kamar yadda ake yi da garin busasshen kifi. In kina haɗa garin kunun nan na gero da waken suya da gyaɗa, kada ki cakuɗa farar a cikin babban garin, ki ajiye ta daban kina ɗiba, don in ta lalace kada ta ja miki asarar duka.

In damina ta faɗi shinge ya fito, shi ma kada ki raina shi in malamanku sun ba da fatawar ci. Shi ƙarfinsa a mai yake: daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan rabin nauyinsa in ya bushe maiƙo ne, shi ya sa yake soyuwa da kansa ba a zuba masa komai ba. Ga yaron da ba ya ƙiba, wanda cikinsa ƙarami ne ba ya ɗaukar abinci da yawa, wannan man yana da amfani. Amma ya fi fara saurin lalacewa, kwana biyu uku ne.

Ni daga nan ban ga yaron ba, ban san nauyinsa ko adadin jinin da aka auna ba. In kin koma awo, ki gaya wa ma'aikaciyar cewa kin fara ba shi garin fara, ki roƙe ta ta auna damtsensa da tef ɗin nan mai launi uku. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko kika ga ƙafafunsa sun kumbura, wannan ya wuce gyaran kicin, sai an sa shi a shirin masu tamowa. In yana kore, ki ci gaba da nono har shekara biyu, ki ci gaba da cokalinki, a sake gwada jinin bayan wata uku. Ita kuma Inna, ranar da za ki daka na farko ki kira ta ta taya ki cire ƙafafun.